Jika uku da na ba mai zagaya da baƙi a Birni

Ɗan yayata ya zo hutu daga Yamai, ya matsa sai na kai shi ya ga ganuwar Sarki Tanimun ta nan Zinder (Damagaram) da suka karanta a lekwal. A unguwar Zango aka haife ni, amma da ya fara jero tambayoyi sai na ga ba ni da amsa. Ranar Asabar muka hau kabu-kabu zuwa ƙofar fada, muka sami wani dattijo da ke zagayawa da baƙi, muka daidaita a jika uku.

Kuɗin nan ya halatta. Bai yi mana sauri ba. Ya gaisa da dogarai, ya koya wa yaron inda ake cire takalmi, sannan ya ratsa da mu lungunan Birni, tsohuwar unguwar garin, tsakanin manyan duwatsun nan. A gaban wani tsohon soro ya tsaya ya nuna mana zanko da zanen bango, ya bayyana yadda ake jera tubali, a ɗora azara, a yi yaɓe. Labarin Sarki Amadu Kuran Daga kuwa kamar a idonsa aka yi: kashe Kyaftin Kazamaju na sojan Faransa a 1898, shigowar Faransawa a 1899, har zuwa 1926 da aka ɗauke babban birnin Nijar daga nan aka kai Yamai. Ya ce ko Bature Barth ya sauka garin nan a ƙarshen 1852.

Aibinsa ɗaya, muryarsa ƙasa-ƙasa ce, in babur ya wuce sai ka ce "Baba, maimaita."

Da muka isa wurin ganuwar jikina ya yi sanyi. Guntaye ne suka rage, damina na cinsu, ga leda da shara a gindi, babu ko allon da zai gaya wa baƙo abin da yake kallo. Gidajen ƙasa da yawa sun zube, wasu an mayar da su siminti da kwano. Agadas ta shiga kundin wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO tun 2013, Birni kuma tana jerin masu jira tun 2006. Yaron ya ce, "Kawu, wa zai gyara?" Dattijon ya ce maginan da suka iya aikin suna ƙarewa, samari kuma bulo suka fi so.

Wanda zai je ya sammako kafin rana ta yi zafi, ya riƙe ruwa, kuma ya nemi izini kafin ya ɗauki hoton gidan mutane.