Buhun sukari 120 da babu su: yadda muka kwashe da kamfanin da ke kula mana da saba

Tun bayan Sallah nake cewa zan rubuta wannan abin sai in fasa, saboda duk sanda na tuna raina ɓaci yake. To jiya wani ɗan'uwa daga Aboabo ya tare ni bayan la'asar yana tambaya wai ya ba kamfanin da ke kula mana da saba (babbar kwamfutar da ke riƙe bayanan cinikinmu) aikin shagonsu ko kar ya ba su, shi ne na ce bari in zauna in faɗi yadda muka yi da su, kowa ya yanke wa kansa. Ba zan kama sunan kamfanin ba, masu harkar a Kumasi sun san su wa nake nufi, kuma kun san abin da suke karɓa duk wata, ba sai na faɗa ba.

Ni nake riƙe wa kawuna lissafi. Hatsi ne da sukari da mai da madara muke sayarwa a sari, babban sito yana nan Kumasi, sannan akwai reshe a Nima can Accra. Su waɗannan mutanen suka haɗa mana komai a kan PostgreSQL, wato manhajar rumbun adana bayanai, babbar saba a ofishinmu na nan, ta biyu kuma a wajensu a Accra. Yadda suka yi mana bayani ranar farko, duk abin da aka rubuta a ta Kumasi nan take yake sauka a ta Accra, in ta nan ta mutu sai a koma waccan, kuma yaran Nima daga waccan suke duba yawan kayan da ya rage a sito don kar a yi wa babbar nauyi. Kawu ya ce nan take fa? Mutumin ya ce Alhaji kafin ka ƙifta ido. Wannan maganar har yau tana kunnena.

Gaskiya kusan shekara ba mu ga wata matsala ba. Sai azumin 2024.

Kowa ya san abin da ya faru ranar Alhamis 14 ga Maris, lokacin ana farkon azumi, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, ƙasar nan Ghana gaba ɗaya netwok ya zama sai a hankali, ko WhatsApp da ƙyar yake tafiya. Wannan ban ga laifin kowa ba, abu ne da ya shafi ƙasashe da yawa. Abin da ya ƙona min rai shi ne yadda suka mayar da yankewar wayar nan ta zama bargon rufe duk wani laifi nasu.

Wajen kwana goma bayan nan, wata mata mai saye a wajenmu da yawa ta je reshen Nima da yamma tana son sukari buhu 120. Yaron ya duba kwamfuta ya ga akwai sama da haka a siton Kumasi, ya karɓi kuɗinta ta MoMo, wato turin kuɗi ta waya, ya ce mata motar gobe za ta taho da shi. Alhali tun da hantsi wani ɗan kasuwa daga Techiman ya kwashe sukarin, ni da hannuna na shigar da cinikin kafin azahar. Wato a Kumasi sito ya zama fayau, a Accra kuma allo yana nuna kaya cike. Washegari matar ta turo masu aboboya, wato baburan ɗaukar kaya masu ƙafa uku, su jira mota, mota ta zo babu sukari, kuma a cikin azumi kun san yadda sukari yake, farashin safe daban na yamma daban. Ta kira Kawu kai tsaye, abin da ta faɗa masa ba zan maimaita ba. Kawu mutum ne da ya fi shekara 30 a kasuwa ba a taɓa cewa ya ci kuɗin wani bai ba da kaya ba, sai ga shi yana ba wa sa'ar 'yar cikinsa haƙuri a waya. Da ya ajiye ya kalle ni ya ce, ɗana, wannan ita ce na'urar taku? Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai da muka sayi sukarin a hannun wasu a Accra da tsada muka cika mata, riba ta tafi har da wani abu daga uwar kuɗi.

Na kira kamfanin, wanda ya ɗauka ko gama ji bai yi ba ya ce ai matsalar wayar teku ce, kowa yana fama. Na ce to amma Kumasi da Accra wajen kilomita 250 ne kuma babu teku a tsakani, ya ce e to netwok dai duk ɗaya ne. Ya turo min hoton allonsu wai komai kore ne, saba tana haɗe. Na ce haɗe kuma ta yi awa shida a baya? Ya ce zai miƙa wa na sama. Kwana uku ina kira, yau a ce injiniya ya fita, gobe a ce an buɗe min tikiti, kuma a kwana ukun nan mun koma yadda ake yi da, yaran Nima sai sun bugo waya an je an ƙirga buhu da ido kafin su karɓi kuɗin kowa. A lokacin da a ce akwai inda zan ba su tauraro, ko rabin ɗaya ba za su samu ba.

Rana ta huɗu sai wata injiniya ta kira ni, ashe 'yar Mamobi ce, muka juya Hausa, ta ce Malam ka yi haƙuri yanzu aka ba ni aikin, ka ba ni minti goma. Ban ma ɗauke ta da muhimmanci ba don na gaji. Ta sa muka raba allo ina kallo, ta buɗe wani abu a babbar saba mai suna pg_stat_replication, ta ce ka ga waɗannan lambobin guda huɗu? Na farko sent_lsn, inda babbar ta kai wajen turawa. Sai write_lsn da flush_lsn, wato abin da ta Accra ta karɓa ta rubuta a diski. Na ƙarshe replay_lsn, shi ne abin da ta shigar cikin rumbun har mutum zai iya gani. Ta ce in netwok ne matsalar, za ka ga tazarar tun daga sama, babbar tana da abin turawa amma bai isa can ba. To namu ukun farko kusan kansu ɗaya, na huɗun ne ya tsaya cak can baya. Ta ce Malam kayanku sun iso Accra tun tuni, suna jibge a bakin ƙofa, ba a shigar da su ɗaki ba ne kawai. Wato zancen wayar teku babu shi ko kaɗan.

Sai ta koma ta Accra ta duba pg_stat_activity don ganin wa ke riƙe da ƙofar. Nan fa ido ya raina fata, domin ni ne. Akwai wani rahoton basussuka da nake ja, na shekara uku gaba ɗaya, kuma a kan ta Accra yake gudana. A azumi ni kan danna shi da safe in bar tagar a buɗe in shiga wasu hidindimu, wani lokacin sai bayan an sha ruwa nake tunawa in rufe, ashe shirin yana riƙe da tambayar muddin tagar na buɗe. Ta yi min bayani yadda na gane: babbar saba tana share tsofaffin layukan da aka canza, aikin da ake ce wa vacuum, kuma wannan sharar ma tana biyo hanya zuwa Accra. In ta iso ta tarar rahotona yana amfani da waɗannan layukan, dole ɗaya ya haƙura, ko a kashe rahoton ko shigar da sababbin bayanai ya jira. Akwai saiti mai suna max_standby_streaming_delay da ke faɗin tsawon jiran, asalinsa daƙiƙa 30 ne, in ya wuce sai a kashe rahoton aiki ya ci gaba. A tamu an mayar da shi -1, ma'ana a yi ta jira har illa masha Allahu.

Sai na tuna. Watanni kafin nan na taɓa kai ƙara cewa rahoton yana mutuwa a tsakiya, yana rubuto min canceling statement due to conflict with recovery, wani daga cikinsu ya ce ya gyara, kuma lallai daga ranar bai sake mutuwa ba, har na yi masa godiya. Ashe gyaran gangar auzinawa ya yi min. Bai ce min kanzil ba kan cewa daga yau duk sanda ka ja rahoton nan, Nima za su riƙa kallon kayan safe da yamma. Ni mai lissafi ne, ina zan san wannan? Da ya faɗa min ai da na ce a bar shi ya riƙa mutuwa.

Ta kashe zaman nawa da pg_terminate_backend, ina kallo lambar nan ta fara gudu kamar an buɗe famfo, ba a yi minti biyar ba ta kamo sauran. Minti biyar fa, abin da aka kwana uku ana ce min teku ne.

Ita kam ba ni da abin cewa sai godiya, Allah ya yi mata albarka. Ba ta tsaya nan ba, ta mayar da saitin jiran zuwa mai iyaka, ta kunna hot_standby_feedback don ta Accra ta riƙa sanar da babbar cewa kar ki share waɗannan tukuna, kuma ta faɗa min gaskiya cewa shi ma yana da tasa illar, in aka bar rahoto a buɗe ya daɗe teburan babbar za su riƙa kumbura da tsofaffin layuka, don haka in daina barin taga a buɗe. Ta sa wa rahoton indes, wato fihirisar da ke saurin nemo bayanai, abin da yake cin kusan awa ya dawo 'yan mintuna, muka mayar da shi dare bayan tarawihi. Ta kuma nuna min cewa koren allon nan nasu abu ɗaya kawai yake dubawa, ko sabobin biyu suna haɗe, bai damu da tazarar ba sam. Ta sa ƙararrawa a kan replay_lag, in ya wuce minti ɗaya saƙo ya shigo wayata. Har ta gargaɗe ni kan pg_last_xact_replay_timestamp, wai in da dare ne ba a ciniki zai nuna kamar an yi nisa a baya alhali babu abin turawa ne, kar in tayar da hankalina. A wannan daren na ce wa Kawu ai mutanen nan sun san aikinsu, har na fara tunanin in zan yi sharhi tauraro huɗu zan ba su.

Amma da muna gamawa ta faɗi wata magana da ta dawo min da ɓacin ran sabo. Wai a makon da waya ta yanke ɗin na gaske, layin Kumasi da Accra ya yi ta katsewa, kuma saboda akwai abin da ake kira replication slot, babbar saba ba ta jefar da fayilolin WAL, wato inda take rubuta duk canjin da za ta tura, sai ta tabbatar ta biyun ta karɓa. Kowane fayil megabait 16 ne, suka yi ta taruwa har diski ya kusa cika. In ya cika kuwa babbar ce za ta tsaya, wato a farkon azumi ko rasit ba za mu iya bugawa ba. Tun PostgreSQL 13 akwai max_slot_wal_keep_size da ake sa wa wannan tarin iyaka, su sun bar shi a buɗe, kuma babu wanda ya lura balle ya kira mu, Allah ne kawai ya tsare netwok ya ɗan dawo kafin ya cika. To don Allah kuɗin da muke biya duk wata na mene ne? A takardar yarjejeniya an rubuta sa ido dare da rana.

Wani abin kuma da ban sani ba sai a bakinta, ita sabar ta biyu ba ajiya ba ce irin wadda muke zato. In wani ya goge teburi a Kumasi bisa kuskure, gogewar ma Accra za ta tafi. Na tambayi ina ainihin kwafin ajiyar yake, ta ce akwai na dare, na ce an taɓa gwada dawo da shi? Ta yi shiru ta ce za ta tambaya. Na ji tausayinta ma, ba ita ta kafa abin ba.

Ƙarshen wata sai ga takardar kuɗi, sun ƙara wani abu a kai wai aikin gaggawa na wajen yarjejeniya. Saitin da ma'aikacinsu ya ɓata, shi za mu biya a gyara. Na rubuta musu doguwar wasiƙa har da hoton lambobin nan, bayan sati biyu suka cire rabi, babu ko kalmar ban haƙuri a ciki, wai sun yi mana rangwame saboda daɗewar hulɗa. Kawu ya ce a biya a wuce wajen, ba ya son ja-in-ja a kan kuɗi kaɗan. Ni dai da ni ne ba zan biya ba.

Har yanzu muna tare da su, ba don daɗi ba, sai don canja kamfani ma wani aiki ne kuma ban san wanda zan je in tarar ba. Tauraro biyu na ba su, ɗaya da rabi na injiniyar ne. Wanda ya tambaye ni jiya na ce masa in zai sa hannu ya sa su nuna masa ƙararrawar tazara tana aiki a wayarsa kafin ya biya ko sidi ɗaya, kuma ya tambaye su nawa suka sa max_standby_streaming_delay, ya kalli fuskar wanda zai amsa. Matar sukarin nan kuwa ta dawo saye, amma har yau in ta je Nima ba ta yarda da allo, sai an bugo min waya na je sito na ƙirga mata da bakina.