Ɗakin mafaka na mutum 50 a Suwizalan: injin iska ya cika, zafi da ban ɗaki ne abin tsoro

Wanda ya sauka ƙasan benen haya a Zurich ko Bern zai ci karo da wata ƙofa da ta fita daban da sauran: kankare ne aka zuba cikin firam ɗin ƙarfe, kaurinta santimita 20, sai mutum ya sa kafaɗa kafin ta motsa. A bayanta yawanci kekuna ne da akwatuna da tarkacen masu haya. Amma ba don tarkace aka gina ɗakin ba. Tun 1963 dokar ƙasar ta tanadi cewa kowane mazauni ya samu gurbi a mafakar ƙarƙashin ƙasa, kuma yau akwai irin waɗannan ɗakuna kusan 370,000, da guraben mutum wajen miliyan 9. Da Rasha ta afka wa Yukiren a Fabrairun 2022, mutanen da suka shekara ashirin ba su waiwayi ƙofar ba suka fara buga waya ofisoshin hukuma suna tambayar ina ne nasu gurbin.

Sharhin nan a kan ɗakin mutum 50 yake, da injin iskar da aka yi masa mai suna VA 150, wanda kamfanoni irin su Andair da Lunor ke ƙerawa bisa ma'aunin gwamnatin tarayya. Shi ya fi dacewa a auna, don a nan ne iyalai goma sha da ba su haɗa komai ba sai matattakala za su kwana su tashi tare.

Kason kowane mutum murabba'in mita 1 ne na ƙasa, da kubik mita 2.5 na sarari. Wato mutum 50 a murabba'in mita 50, girman falo da ɗaki biyu. Abin da ya sa lissafin ke fita shi ne gado mai hawa uku, kowane hawa kamar santimita 190 a 70. An yi ginin ya ɗauki bugun iskar fashewar bam har matsin "bar" 1 a ma'aunin matsi, kwatankwacin tan 10 a kan kowane murabba'in mita. Akwai kuma ƙofar gudu, wata 'yar taga mai murfin kankare da ke ɓullawa waje, wani lokaci ta bututu mai tsawo, domin in benen ya rufta a fito nesa da ɓaraguzai. Ta fuskar gini ba abin kushewa.

Inda Suwizalan ta yi zarra shi ne injin iska, kuma sirrinsa rashin ƙyale-ƙyale. Iska na shigowa ta ramin ƙofar gudu, ta bi ta wani bawul da ke rufe kansa nan take idan bugun fashewa ya zo, ta ratsa matatar ƙura, ta bi tiyo zuwa fanka. Fankar na da ɗan inji mai aiki da lantarki, tana kuma da hannun juyawa irin na injin markaɗen hannu. A gefe akwai wata ganga ta ƙarfe a rufe da hatimi, ita ce filtar gas: takardar tace ƙananan ƙwayoyi da gawayi na musamman mai kama guba. Idan iskar waje lafiya take, ana haɗa tiyo kai tsaye, injin ya ba da kubik mita 300 a awa, 6 ga kowane mutum. Idan akwai guba ko ƙurar nukiliya, sai a tsayar da injin, a fasa hatimin, a cire murafen gangar biyu, a ɗaura tiyon shiga a wannan baki, na fita a wancan, a sake tayarwa. Yanzu abin ya ragu zuwa 150, wato 3 ga kowa. Daga nan injin ya samo sunansa. Akwai ɗan ma'auni a jikin bututun mai alama shuɗiya da ja: shuɗiya ta iskar da ba a tace ba, ja ta tacacciya. Mai juya hannu ba ya bukatar ilimin injiniya, ya dai riƙa kallon ma'aunin ya tsaya a kan alamarsa.

Dabarar da ta fi burgewa ita ce ɗakin ba ya dogara da a toshe kowace kafa. Injin na cusa iska fiye da yadda take fita, sai matsin ciki ya ɗara na waje da aƙalla faskal 50 (faskal ƙaramin ma'aunin matsin iska ne). Duk wata 'yar tsaga da ke jikin ginin, iska fita take yi ta nan, ba shiga ba. Ragowar tana fita ta wani bawul da ke can ɗaya bangon, kuma da gangan ake sa ban ɗaki kusa da shi don wari ya bi hanyar waje.

Ga dalilin da ya sa ba a wasa da injin nan. Mutum a zaune yana fitar da iskar kabon kamar lita 18 a awa. Mutum 50 lita 900 ke nan, a ɗakin da duka-duka kubik mita 125 ne. In aka kashe injin aka rufe ƙofa, kabon na ƙaruwa da kusan kashi 0.7 cikin 100 kowace awa. Cikin awa huɗu ya doshi kashi 3: ciwon kai, haki, saurin fushi, tunani ya yi nauyi. Mutane na zaton ƙarewar iskar shaƙa ce ke fara kayar da na ciki, alhali taruwar wadda suka fitar ce. Ko da injin na aiki ta filta, kabon ɗin zai zauna wajen kashi 0.6, wanda ba ya kisa amma yana sa kasala. Don haka duk wanda ya yi tunanin cusa mutum 70 a ɗakin 50 saboda tausayi, ya sani daga numfashin kowa ya ɗiba.

Wuta kuwa ba a yi mata alkawari ba. In ta ɗauke, hannu ne. Juya VA 150 ta cikin filta aiki ne mai sa gumi, kuma ba a tsayawa dare da rana. A ɗauka cikin mutum 50 akwai ƙarfafa 30, sauran yara ne da tsofaffi da marasa lafiya. In aka raba su bibbiyu, kowane biyu su yi minti 15, layi zai zagayo kan mutum duk bayan awa uku da minti 45, har da ƙarfe ukun dare. Wannan jadawalin ba ya cikin kwalin da aka kawo injin, mutanen ɗakin ne za su rubuta shi su manna a bango tun awar farko, kafin gajiya ta sa kowa ya fara ƙirga wanda ya yi da wanda ya zame.

Abubuwan da ke lalacewa sanannu ne, kuma kusan duka daga sakaci suke, ba daga ƙira ba. Na gaba-gaba shi ne fasa hatimin filtar gas don a leƙa. Gawayin ciki na zuƙar danshi, in ya sha laima ta shekaru ya tashi daga aiki, kuma ido ba ya gane hakan. Shi ya sa masu duba ke fara kallon hatimi. Robar bakin ƙofa na bushewa ta tsage, ko mai fenti ya bi ta kanta da buroshi, sai matsin ciki ya ƙi hawa. Wani ya huda bango don ya wuce da wayar intanet ko bututun ruwa ya bar ramin haka. Ganye da ruwan sama su cika ramin ƙofar gudu. Maƙalan ƙofa su yi tsatsa don ba a sa musu giris ba. Maganin duka ba tsada: a tayar da injin kamar kwata ɗaya na awa sau ɗaya a shekara ba tare da taɓa filta ba, a gwada hannun juyawa, a shafa wa roba silikon, a buɗe a rufe ƙofa. Hukuma na zuwa dubawa aƙalla sau ɗaya a shekara 10, wanda a gaskiya ya yi nisa ga abin roba. Dokar kuma ta ce in an ba da umarni, a iya kwashe tarkace a shirya ɗakin cikin kwana 5. Wannan ya nuna irin bala'in da aka yi wa tanadi: yaƙin da ake hango zuwansa, ba wanda ke faɗowa da tsakar dare ba.

Akwai abu ɗaya da ya kamata kowa a ɗakin ya haddace. Filtar ba ta tare gubar hayaƙin gobara, wadda ba ta da wari ba ta da launi. In benen da ke sama ko na maƙwabta na ci da wuta, kashe injin ake yi a rufe bawul, a zauna shiru ana ƙirga awannin nan huɗu. Saboda wannan gubar dai ba a kunna risho ko gawayi ko janareta a ciki. Ko kyandir ɗaya zafinsa ya kusa na mutum guda.

Zafi ne babban raunin tsarin. Jikin mutum a zaune na fitar da kamar wat 100, mutum 50 kilowat 5, tamkar a kunna dutsen guga biyar a bar su dare da rana. Iskar da ke ratsa filta, ko da ta waje ta fi ta ciki sanyi da digiri 10, abin da za ta kwashe bai wuce wat 500 ba, kashi ɗaya cikin goma. Sauran bango da ƙasa ne ke shanyewa. A Suwizalan wannan na yiwuwa na ɗan lokaci don ƙasar da ke kewaye da ginin na wajen digiri 10, amma kankare na ɗumama a hankali, bayan 'yan kwanaki ya rage sha. Ga kuma danshi: numfashi da gumin mutum 50 sun kai lita 50 na ruwa a yini, su ne za su riƙa tsattsafowa a bango suna jiƙa katifa da bargo. Mai sha'awar ya kwafi wannan zane ya gina a Sakkwato ko Damagaram ya lura da wannan, don inda ƙasa da kanta ta doshi digiri 30 babu bangon da zai sha zafin kowa, kuma kubik mita 3 ba zai kai ko'ina ba.

Sai ban ɗaki. Abin da aka tanada bokiti ne mai mazauni da ledoji, a ɗan keɓe da labule ko katako. A ɗakin mutum 50 guda biyu za a samu. Da safe, in kowa ya yi minti biyar, mutum 25 a kan bokiti ɗaya sun ci fiye da awa biyu. Fitsari kaɗai ya kai lita 75 a yini, kuma dole a ƙulle ledoji a tara a bokiti mai murfi har a samu damar fitarwa. Hikimar ita ce a raba fitsari da bayan gida tun farko, don haɗuwarsu ce ke ta da wari. A ajiye ruwan wanke hannu da sabulu a bakin labulen kuma a sa mai tsaro a kai, domin gudawa in ta kama mutum uku a irin wannan wuri, ta kama talatin.

Ruwa da abinci ba sa cikin kayan ɗakin, kowa da guzurinsa zai sauko. Shawarar gwamnati lita 9 ce ga kowane mutum, ta kwana uku, da abincin kamar mako guda. A nan rigima ke fara tsiro: gidan da ya zo da jarka shida yana kallon gidan da ya zo da kwalba biyu da jariri. Ko a haɗa komai wuri ɗaya a raba da ma'auni, ko kowa ya riƙe nasa a cire wani kaso na marasa shi. Kowanne aka zaɓa, a yanke shi ranar farko a gaban kowa. Haka batun wa zai hau gadon sama, inda zafi ya fi taruwa, da lokacin kashe fitila, da mai minshari, da kusurwar da za a ware wa mai tari, wadda ya kamata ta kasance kusa da bawul ɗin fitar iska. Zo mu zauna zo mu saɓa ne, sai dai a nan babu ƙofar da mai fushi zai buga ya fita. Ƙa'idar ginin ta auna kankare da iska har zuwa santimita, amma wannan ɓangaren ta bar wa mazauna.

Suwizalan ta taɓa gwada yin abin da girma, ta ga iyakarsa. A birnin Lucerne an shirya ramin babbar hanyar mota na Sonnenberg, wanda aka buɗe a 1976, ya zama mafakar mutum 20,000, da ƙofofi masu nauyin tan 350 kowacce, da asibiti da ɗakin tsare masu laifi a wani gini mai hawa bakwai a cikin dutse. Da aka yi atisaye a 1987, tura kayan gadaje ta ƙananan hanyoyi ya ci lokaci, ba a iya kafa sai wani ɓangare ba, rufe ƙofofin ma ya zama aiki. A 2006 aka rage shi zuwa mutum 2,000. Idan aka kwatanta, ɗakin mutum 50 ya fi hankali nesa ba kusa ba: mutum biyu za su iya rufe ƙofarsa, kowa ya san fuskar kowa, kuma injinsa hannu na juya shi.

Ga abin da aka yi shi dominsa, wato ruwan bama-bamai, rugujewar bene, da kwanakin farko na ƙurar nukiliya, ɗakin ya cancanci yabo. Ƙarfin tururin ƙurar na sauka da sauri: bayan awa 7 ya koma kashi ɗaya cikin 10, bayan kwana biyu ɗaya cikin 100, bayan mako biyu ɗaya cikin 1,000. Kwana biyu zuwa uku ɗakin zai riƙe mutanensa ba tangarɗa in an kula da roba da hatimi. Mako biyu zai yiwu, amma sai an ƙara abin da ba a sa a lissafi ba: ruwa aƙalla lita 40 ga kowane mutum maimakon 9, ƙarin bokitai masu murfi, ma'aunin iskar kabon mai batir, rediyo da wayar eriya da aka zura ta ramin ƙofar gudu don kankare na tare siginar rediyo, da abin toshe kunne guda 50.