Gwajin saiwa a Samaru: awon ƙarfe ya yi, na inzayim da saura

Ɗaliban da ke bincike kan noman rani a bakin kogunan Kubanni da Galma a Zariya sukan kai saiwar latas, alayyahu ko tumatir wani ɗakin gwaji mai zaman kansa a Samaru, a duba musu ƙarafa masu guba, wato dalma da kadmiyam, a kuma auna inzayim ɗin da saiwa ke kare kanta da su.

Wajen awon ƙarfe sai dai yabo. Suna ɗauraye saiwa da ruwan EDTA, wani sinadari mai kama ƙarfe, don kada ƙarfen da ya manne a bayanta ya shiga lissafi, su busar, su narkar da asid, sannan su karanta a AAS, na'urar da ke auna yawan ƙarfe ta hanyar haske.

Inda gizo ke saƙar shi ne ɓangaren inzayim. Kadmiyam in ya shiga saiwa, yakan sa ɓurɓushin oksijin mai cin ƙwayoyin halitta ya taru. Inzayim ɗin da ake kira SOD ce ke fara tarar sa, ta mayar da shi haidirojin feroksayid, sai wasu inzayim biyu, katalas da feroksidas, su ƙarasa shi ya zama ruwa. Idan gubar kaɗan ce, aikinsu ƙaruwa yake yi. Idan ta fi ƙarfin saiwar, sai ya faɗi warwas. Ke nan ƙaramar lamba tana iya nufin lafiya lau, tana kuma iya nufin saiwa ta galabaita. Amma wannan ɗaki yana karɓar samfur ko babu saiwar gona mai tsabta da za a gwada da ita, kuma wannan kuskure ne babba. Ku zo da taku, iri ɗaya, shukar lokaci ɗaya.

Sai batun sanyi. Saiwar da aka ƙulle a leda, ta sha rana a kan acaɓa daga fadama, inzayim ɗinta ya riga ya raunana. A cikin kula mai ƙanƙara ake kawo ta, kuma ya kamata mai karɓa ya taɓa ya ji da sanyinta, amma ba ya yi. A ciki kuwa suna kiyayewa: rabin giram na saiwa a turmi mai sanyi, ruwan fosfet mai pH 7, a juya a injin rarrabewa a sanyin digiri 4, a karanta katalas da haske mai nanomita 240 cikin kwalbar ma'adinin kwaz, domin ta gilashi tana tare hasken.

Kafin ku biya, ku ce a haɗa da awon furotin da na MDA, sinadarin da ke nuna yawan ɓarnar da aka yi wa ƙwayoyin saiwa. Takardar sakamakonsu ba ta zuwa da su sai an nema.