Kwas ɗin tallata zanen littattafan yara: minti 20 kawai na mora

Shekara 3 ina ɗora zanena a Instagram kusan kullum. Mabiya na ƙaruwa, yabo na zuwa, amma ko edita ɗaya bai taɓa nemana ba. Shi ya sa da na ga tallan kwas ɗin nan na mako 6, wanda aka ce zai koya wa masu zane da marubutan littattafan yara yadda za su tallata kansu, ban tsaya dogon tunani ba na biya. Kuɗinsa dai ba ƙarami ba ne.

Darussan bidiyon ba zan ɓata muku lokaci a kansu ba, duk wanda ya ɗan daɗe a harkar ya riga ya san abin da ke ciki.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne ganawar minti 20 a mako na 4, inda wata malama da ta yi aiki a kamfanin buga littattafai take duba kundin zanen kowa ta kiran bidiyo. Na tura mata zane 24, waɗanda suka fi shan yabo. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya ba ta ce uffan ba, can sai ta ce, "Ina yaran suke?" Na rasa ta cewa. Tsuntsaye ne, itatuwa, faɗuwar rana, sai yarinya guda da ta fito sau 3. Ta jera ukun nan gefe da gefe ta ƙara musu girma. A na farko hancin yarinyar ɗan guntu ne, a na biyu ya yi tsini, a na uku kuma wuyanta ya yi tsawo har ta zama kamar yayar ta farko. Na ce, "Malama, ai yarinya ɗaya ce." Ta ce ni kaɗai na san haka. Littafin yara mai hotuna yawanci shafi 32 ne, kuma dole mai zane ya riƙe fuska ɗaya tun daga bango har ƙarshe, ko yarinyar tana gudu, ko tana kuka, ko ta juya baya. Abin da edita yake dubawa a kundi ke nan kafin ya kalli kyan launi. Wallahi jikina ya yi sanyi. A daren nan ban kwanta ba sai da na cika takarda 4 da fuskarta.

Ita ce kuma ta ce in rage kundin zuwa 12, ta ba ni labarin bangon da masu zane suke liƙa katunansu a baje kolin littattafan yara na Bolonya a Italiya, wanda ake yi tun 1964, ta ce in leƙa SCBWI, ƙungiyar marubuta da masu zanen littattafan yara da aka kafa a Amurka a 1971. Wata marubuciya a ajinmu har hawaye ta yi da aka gaya mata cewa manyan kamfanoni su suke zaɓar mai zane da kansu, alhali ta riga ta biya an zana mata labarinta kaf.

Ranar na kira ƙawata na ce maza ta yi rajista.

To amma kuma maganar jerin adireshin nan. A tallansu sun rubuta ɓaro-ɓaro cewa za su ba mu sabon jerin editoci da masu kula da zane, kuma rabin dalilin biyana ke nan. Na gyara yarinyata, na buga kati 30 masu zanena a takarda mai kauri, kowanne na rubuta gaisuwa da hannuna a bayansa, na aika su zuwa adireshin da ke jerin da suka ba mu. Guda 11 suka dawo min, ambulan duk ya yamutse, an buga masa hatimin babu mai wannan suna. Imel 7 ma haka suka dawo. Da na bincika, wata daga cikin waɗanda na rubuta wa ta bar aikin shekaru da dama. Sunana ne fa a jikin katunan nan, ni za a ce ban san abin da nake yi ba.

Na rubuta musu koke, sai bayan kwana 9 amsa ta zo, layi biyu, wai ana kan sabunta jerin. Na tambaya ko ana iya biyan ganawa da malamar ita kaɗai ba tare da kwas ɗin ba, suka ce ba sa rabawa. Wannan ya fi komai ɓata min rai, domin ita kaɗai ce ta yi aikin kuɗinta a wurin.

Na sake kiran ƙawar tawa na ce ta dakata tukuna. Wata 2 ke nan, sabon jerin bai zo ba, katunan nan 11 suna cikin durowata.