Ziyarar ɗakin tarihin shari'ar Nuremberg: abin da kuɗin tikiti ke saya

Ɗakin tarihin da aka buɗe a 2010 a ginin kotun Nuremberg ta Jamus ya cancanci kuɗin shigarsa, musamman saboda zaure mai lamba 600, inda bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka gurfanar da manyan 'yan Nazi, wato jam'iyyar Hitler, daga Nuwamban 1945 zuwa Oktoban 1946, aka yanke wa mutum 12 hukuncin kisa. Na'urar bayani da ake bai wa baƙo tana da matuƙar amfani ga wanda ba ya jin Jamusanci, sai dai bayanan suna da tsawo, don haka ziyarar ba ta mai gaggawa ba ce.

A ganina, wanda zai fi cin moriyar wurin shi ne wanda ya zo yana tambayar ko an yi son kai a shari'ar. Tarayyar Sobiyet ta zauna a kujerar alƙalai, alhali jami'anta ne suka kashe 'yan Poland kimanin 22,000 a kisan Katyn na 1940, har ma ta nemi ɗora wa Jamusawa laifin. Ba a kuma tuhumi kowa kan ruwan bama-baman da Birtaniya da Amurka suka yi wa birnin Dresden na Jamus ba. Wannan bai wanke waɗanda aka hukunta ba, domin takardunsu na ofis ne suka fi ba da shaida a kansu.