Maganar tayoyin da ka ce in aiko daga Kanada

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali, ga amsar saƙonka. Ka ce in duba ko zan samo maka tayoyi huɗu masu kyau in sa a kwantenar da ƴan'uwa ke haɗawa, tunda a ganinka kayan ƙasar Turawa sun fi ƙarko. Maganar ta zo daidai lokacin da ni ma nake neman na tawa motar, shi ya sa na ga gara in faɗa maka yadda harkar take a nan Montiriyal, ka auna da kanka. Ka nuna wa abokan zamanka na bakin tasha, don na san ba kai kaɗai ke da wannan tunani ba.

Mai mota a jihar Kebek, inda Montiriyal take, tayoyi takwas yake riƙewa. Tun 2008 doka ta wajabta tayoyin sanyi, kuma a yanzu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris ne wa'adin. Duk motar da ke da lambar jihar aka kama ta ba su, tarar dalar Kanada 200 zuwa 300 ce. Dalilin a cikin robar yake. Da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, robar taya ta yau da kullum sai ta fara sandarewa, ba ta kama kwalta yadda ya kamata. Ta sanyi kuwa an haɗa ta da taushi, an yi mata ƙananan tsage-tsage masu yawa don ta ciji ƙanƙara. Ana gane ta da wani tambari a gefe: dutse mai kawuna uku, da hoton ƙwayar dusar ƙanƙara a cikinsa. Ka riƙe wannan tambari a ranka, zan dawo kansa.

Ni waɗanda nake nema su ne na sauran watannin, wato daga Afrilu zuwa Nuwamba. Ana sayar da su da sunan tayoyin kowane yanayi, amma dokar Kebek ba ta karɓarsu da sanyi in ba su da tambarin nan. A cikinsu ma akwai aji-aji. Akwai na mai iyali, masu laushin tafiya da daɗewa. Akwai kuma na ƙananan motoci masu gudu, waɗanda aka yi don su kama hanya a kwana, su tsaya da wuri in an taka birki, ko da kan ruwa ne. Tsohuwar Volkswagen ɗin da nake ja da irin waɗannan na biyun ta zo.

Da na shiga shagon tayoyi, yaron da ke kan tebur bai tambaye ni nawa ke aljihuna ba. Fita ya yi, ya buɗe ƙofar direba, ya karanta wata ƴar takarda da kamfanin mota ya manna a jikin ginshiƙin ƙofar. Girman taya da yawan iskar da za a ba ta duk suna nan a rubuce. Taka ma tana da ita, in ba a goge ta da fenti ba. Sai ya tsuguna ya nuna min rubutun gefen tayata da ɗan yatsa: 225/45R17 91W. Faɗin tayar milimita 225 ne. Tsayin gefenta kashi 45 cikin ɗari na faɗin, wato kusan santimita goma. Ƙarfen da take zaune a kai inci 17. Lamba 91 na nufin taya ɗaya na ɗaukar kilo 615, W kuma tana jure gudun kilomita 270 a awa. Mai V 240 ce, mai H 210, mai T 190. Babu mai wannan gudu a nan, don iyakar babbar hanya a Kebek kilomita 100 ce, amma harafin yana nuna ƙarfin ginin tayar da yadda take jure zafi. Shagon ba ya son sa maka wadda ke ƙasa da abin da kamfanin mota ya rubuta.

Uku ya fitar min a kwamfuta, ta Michelin da ta Continental da wata ta Pirelli. Biyun farko na daɗe ina jujjuyawa. Michelin Pilot Sport All Season 4 masu son tuƙi suna yabonta, sun ce sitiyari na amsawa nan take. Continental ExtremeContact DWS06 Plus ta ɗan fi ta sauƙin kuɗi da laushi a kan gargada, kuma tana da wata dabara da ta burge ni. An zana haruffa uku a kan haƙoranta, D da W da S, kowanne da zurfinsa. In S ta goge, tayar ta daina amfani a dusar ƙanƙara. In W ta tafi, kada ka yarda da ita cikin ruwan sama. D ce ke saura, ta busasshiyar hanya. Ko wanda bai yi makaranta ba zai iya duba wannan. Ita na ɗauka, saboda titunan Montiriyal da bazara ramuka ne zalla. Ruwa ke shiga tsagewar kwalta ya daskare ya fasa ta, shekara bayan shekara. Da na faɗa wa maƙwabcina cewa wasu titunan Maradi sun fi na unguwarmu lafiya, dariya ya yi, ya ɗauka wasa nake.

Kuɗin kuwa sai haƙuri. Irin waɗannan tayoyi kowace ɗaya tana haura dala 200, ita kuma dalar Kanada tana kai sefa 400 ko sama da haka. Farashin da ka gani a allo ba shi za ka biya ba. Za a ɗora harajin tarayya kashi 5, da na jiha kusan kashi 10, da kuɗin ɗaurawa da daidaita nauyi, sannan dala 4.50 a kan kowace sabuwar taya, wanda da shi ake kwashe tsofaffi a sarrafa su. Kafin ka fita ƙofa, tayoyi huɗu sun cinye sama da jikka ɗari huɗu. Babu tayi, babu "albarka", babu rage min don Allah. Abin da ka samu a madadin haka shi ne rasit da garanti na dubban kilomitoci, amma da sharaɗi: sai ka nuna shaidar kana juya tayoyin gaba zuwa baya a kan lokaci, in ba haka ba garantin ya faɗi.

Kuma ba ka biya yau a ɗaura maka yau. Sai an ba ka rana da awa. A watan Nuwamba da Afrilu gareji na zama kamar shagon tela ana saura kwana uku Sallah, wanda bai kama layi da wuri ba sai ya jira makonni. Wanda ba shi da wurin ajiya a gida, gareji zai ajiye masa tayoyin da ya cire, wannan ma da kuɗinsa.

A nan ne nake kewar mai facin bakin hanya. A gida taya ta sace maka a hanyar Tibiri ko ta Ɗan Isa, kafin ka gama addu'a ka hango tsohuwar taya a tsaye bakin titi, da injin iska, da rabin duro cike da ruwa. Yaro ya cire ta, ya tsoma cikin ruwa yana bin kumfa da ido, ya sa alli, ya liƙe, kai kana kan benci ana zuba maka shayi. In kuɗinka bai cika ba ka kawo gobe. Wannan sauƙi babu shi a nan, kuma duk wanda ya ce maka komai na Turai ya fi na gida bai taɓa tsayawa da faci cikin sanyi ranar Lahadi ba. Sai dai su ma akwai abin da suka fi mu. In ƙusa ta shiga tsakiyar haƙora kuma ramin bai wuce milimita 6 ba, za su liƙe daga ciki. In a gefe ne, ko an ga kumburi, ko magiya za ka yi ba za su taɓa ba, domin gefen taya lanƙwasawa yake a kowane juyi, faci ba ya zama a wurin. Mu kuwa sai a ɗinke, a sa tsohuwar roba daga ciki, a ce "za ta kai ka". Sannan in biyu kawai ka saya, a baya suke ɗaura su ko da motar da gaba take ja, saboda in baya ya zame cikin ruwa motar juyawa take, direba ba shi da ta cewa.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Tayar da zurfin haƙoranta ya yi saura milimita 1.6 doka ta kashe ta, kuma mutane da yawa tun kafin nan suke cirewa. Tayoyin sanyi ma da sauran haƙora a jikinsu ake sauke su, don ƙanƙara na bukatar zurfi. Irin waɗannan, musamman daga Turai, su ne ke cika kwantenoni su sauka a tashoshin ruwa irin na Lome da Kwatano, su ƙare a kasuwanninmu. Mai saye ya sa yatsa cikin haƙora ya ji zurfi, ya ga tsage-tsage sun yi yawa, ya ce ya yi dace. Alhali roba ce da aka haɗa don ƙasa da digiri 7, za a ɗora ta kan kwaltar da rana ta gasa a watan Afrilu, lokacin da zafin inuwa ma ya haura 40. Ga lodi, ga tafiyar sama da kilomita 600 zuwa Yamai, ta Ƙonni da Dogon Dutse da Dosso. Irin wannan taya tana yin laushi fiye da kima, birki ya yi tsawo, ta cinye da wuri. Duk wadda ka gani da tambarin dutse da ƙanƙara da tsage-tsage birjik, ka bar wa mai ita.

Sai shekaru. A gefen taya akwai rubutu da ya fara da DOT, ƙarshensa lambobi huɗu ne, galibi cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2316, an yi ta a mako na 23 na 2016. Wani lokaci a gefe ɗaya kaɗai suke, sai ka sa an juya maka tayar. Michelin da kansa ya ce taya ta shekara biyar a riƙa duba ta kowace shekara, ta kai goma a cire ko da haƙoranta na nan, wasu kamfanonin mota ma shida suke cewa. Roba tana bushewa ko a ajiye take, zafi kuma yana gaggauta hakan. Mai sayarwa zai wanke ta ya shafa mata baƙi tana ƙyalli, amma lambar ba ta wankuwa. In an kankare ta, ka san dalili.

Akwai kuma kalmar TEMPERATURE a jikin tayoyi da yawa, da harafin A ko B ko C a gabanta. A ce ta fi jure zafi, ita ce ta ƙasarmu. Kuma ka ja kunnen direbanka kan rage iska da bazara wai don kada taya ta fashe. Taya mai ƙarancin iska ita ke yawan lanƙwasa, ta ɗau zafi, ta tarwatse. A auna da safe kafin mota ta motsa, a bi abin da ke jikin ƙofa.

Game da aikowa, ni ban ga ribarsa ba. Irin wadda na saya ba ta dace da kai ba ko kaɗan: gefenta gajere ne, rami ɗaya a hanyar Madarumfa ya isa ya lanƙwasa ƙarfen. Corolla ɗinka in mai 195/65R15 ce, gefenta ya kusa santimita 13, wannan tsayi shi ke shanye duka. Ga kuɗin jirgi da na kwastan, ga watannin da za ta yi a hanya, garantin kuma ba ya tsallaka teku. Da can mutanenmu Najeriya suke shiga su sayo sababbi, amma Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi baya a Legas a 2008, tun daga nan sai na waje. Duk da haka sabuwar taya ta Asiya mai matsakaicin suna, wadda aka yi bara ko bana, ta fi min tsohuwar babban kamfani mai shekara tara.

Zan turo maka kuɗin sababbi biyu ƙarshen wata, ka cika na sauran. Kafin ka biya, ka ɗauki hoton gefen kowace ɗaya, inda girma da lambobin DOT suke, ka turo min ta WhatsApp in duba. Ka duba safayar ma, don na tabbata tun da motar ta zo ba a sauya ta ba. A gaida Inna da yara.