Ranar da na shiga makoki da atamfar biki

'Yan'uwana na zumuntar mata, gaisuwa daga Kumasi. Kun sha tambayata yadda ake Ista a Gana ina ta zillewa, don akwai abin kunya a ciki. Yau dai zan faɗa.

Bara, ranar Juma'ar da ake tuna gicciye Yesu, na ɗauko atamfar nan mai ruwan ƙwai da muka yi anko da ita a bikin ƙanwata a Kafanchan, na kafa ɗaurin kai kamar uwar amarya. Ina fitowa tsakar gida, Hajiyar da nake haya a gidanta a Aboabo tana dama koko, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai, haka za ka tafi? Ba ka da baƙi?" Hausar Zango ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne. Na ce, "Hajiya, ai coci zan je, ba gidan rasuwa ba." Ta ce to, Allah ya kiyaye hanya.

Tun a cikin turoturo, motar hayarsu, jikina ya fara ba ni, don duk wanda ya riƙe Littafi Mai Tsarki baƙaƙen kaya ne a jikinsa. Da na sa ƙafa a cocin da abokiyar aikina ta gayyace ni, sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Daga bakin ƙofa har bagade baƙi ne da ja da ruwan ƙasa mai duhu. Dattawa sun yafa zane a kafaɗa ɗaya, irin yafin da suke yi in babban mutum ya rasu. Ga ni a tsakiyarsu ina ƙyalli kamar fitilar mota. Mai zaunar da mutane kuma, don karrama baƙuwa, ya kai ni layi na biyu a gaba. Ba wanda ya ce mini uffan, kuma shirun ya fi zagi ciwo. Can wata tsohuwa a bayana ta cire baƙin mayafinta ta rufa mini a kafaɗa, ta yi magana da Tuwi, yaren Asante, mutanen Kumasi. Abokiyata ta raɗa mini: "Ta ce ki rufa, 'yata, yau gawa muke da ita a gida."

Wa'azin ranar ban fahimci ko rabinsa ba, amma maganar tsohuwar nan har yanzu tana kunnena. Asante ba sa wasa da mutuwa. Jan zanen makoki sunansa kobene, mai duhun kuntunkuni, kuma kowace Asabar za ku ga unguwa guda ta koma baƙi da ja. Wannan girmamawar da suke yi wa iyayensu ita suka ɗauko suka ba Almasihu. Ranar Lahadi kuwa cocin nan ya koma fari fat, ana kaɗa fararen hankici ana rawa. Ɗana mai shekara shida bai bukaci bayani ba, da idonsa ya ga an mutu an tashi.

Mu fa? Kirsimeti tun watan Oktoba muke damun tela, amma Juma'ar nan sai mu maishe ta ranar wanki da kitso. Wasu mazajenmu ma ba sai na faɗi inda suke yini ba. A shiga sujada da kowane irin tsumma, ido na kan agogo.

Bana ban yarda an maimaita ba. Na shiga kasuwar Kejetia, inda akwai layi guda na masu sayar da kayan makoki zalla, baƙi iri-iri, wani da zane a jiki wanda sai an kai shi rana ake gani. Abin haushi, da mai shago ta ji harshena ta gane 'yar Najeriya ce, nan take kuɗin ya hau. Sai da na koma da Hajiya, ta yi ciniki da Tuwi, aka rage kusan kashi ɗaya cikin uku. Kada ku tambaye ni nawa ne in an juya sidi zuwa naira, na daina wannan lissafin don lafiyar zuciyata. Telan kuwa, wani Malam a Sabon Zango, ya ce Laraba. Na je Laraba da shirin jin "Madam, wuta ce ba a kawo ba," sai ga kaya a goge cikin leda. Na tura masa kuɗi ta waya, ya ce, "Allah ya ba ku haƙurin makokinku." Musulmi ne, bai yarda da abin da na yarda da shi ba, amma ya san abin da ranar take nufi a wurina. Ku gaya wa telan nan namu na bakin kasuwa.

Kada ku ɗauka duk Gana tsarkaka ne. A nan in aka ce Ista, rabin matasa Kwahu suke ji, wani yanki mai duwatsu da ake zuwa shagalin Ista. Tun Alhamis motocin Nkawkaw ke cika, kuɗin mota ya tashi, hanyar hawa dutsen ta cushe. A Mpraeso da Obomeng kiɗa ne da giya har gari ya waye. Tun 2005 ake tashi da laima daga dutsen Odweanoma a Atibie, mutum ya yi ta shawagi kamar shirwa. Ga Abetifi nan kusa, inda mishan ɗin Basel suka kafa tasha a 1876, amma ba don ita ake tururuwar ba.

Manyan kantuna kuma sun cika da zomo da ƙwan cakulan. Ƙasar da ke cikin manyan masu noman kokon da ake yin cakulan da shi a duniya, amma ƙwan da na ɗaga na duba daga Turai aka kawo shi, da tsada kamar kuɗin buhun gawayi. Ɗana ya ce, "Mama, zomo yana yin ƙwai ne?" Na ce ban taɓa gani ba, na ja hannunsa muka je muka sayi wake da shinkafa, wanda su suke kira waakye.

Duk da haka ranar Litinin kewa ta kama ni. Na tuna Galili, taron da muke yi a kan dutse a gida ranar Litinin ɗin Ista, kulolin shinkafa da kunun zaƙi, Mama tana ba da waƙa muna amsawa da Hausa. A nan ana fita shan iska, amma ba wanda zan ce wa "Ya tashi!" ya amsa mini "Lalle ya tashi!" Duk mai zuwa Gana a cikinku ta taho mini da littafin waƙoƙi, nawa bangonsa ya cire, da mudu biyu na acca. Baƙin yadin yadi biyu ya ragu, zan aiko wa Mama da shi.